Hutu, Inuwa da Ruwa a Gonakin Raken Chichigalpa

Chichigalpa gari ne a arewa maso yammacin ƙasar Nikaragwa, cikin lardin Chinandega, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin dutsen San Cristóbal mai aman wuta da gaɓar Tekun Fasifik. Rake ne arzikin garin. Tun 1890 aka kafa masana'antar sukari ta San Antonio a wurin, mallakar iyalin Pellas, kuma da wuya ka sami gida a yankin da babu wanda ya taɓa riƙe adda a gonakinta. A bayan gari akwai wata 'yar unguwa mai suna La Isla, wadda aka yi wa laƙabi da tsibirin matan mamata, saboda yawan magidantan da ciwon ƙoda ya ɗauke a cikinta, da yawansu tun ba su kai shekara hamsin ba. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ciwon ya kashe mutum fiye da 20,000 a ƙasashen Amurka ta Tsakiya cikin kimanin shekara ashirin.

Lamarin Chichigalpa ya cancanci a zauna a kansa domin yana cikin wurare ƙalilan a duniya da aka auna kariya daga zafi da jinin ma'aikata. An ɗebi jini kafin kakar yanka, an sake ɗiba bayanta, an gyara tsarin aiki, sannan aka sake aunawa. Kowa ya san shawarar a sha ruwa, a huta, a shiga inuwa. A can ne aka ga abin da ke hana wannan shawara aiki idan an shiga gona, da abin da sai an taɓa shi kafin ta yi tasiri.

Yadda aikin yake

Kakar yankan rake, wadda suke kira zafra, tana farawa a Nuwamba ta ƙare wajen Mayu. Wato tana ratsa rani gaba ɗaya, ƙarshenta kuma ya faɗo a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani. Kafin a yanka akan cinna wa gonar wuta, galibi da dare, don ganye ya ƙone a bar kara tsirara. Da asuba motoci suke kwaso masu yanka. Su shiga cikin toka sanye da riga mai dogon hannu, dogon wando, takalmi mai kauri, safar hannu da makarin ƙwauri, domin adda ba ta da ƙawa. Sai dai kayan da ke kare fata su ne kuma ke hana gumi bushewa. Mutum ya sunkuya, ya rungumo rake, ya sare shi daga tushe, ya datse kan, ya jera, ya matsa gaba. Haka dubban sau a yini, kwana shida a mako. Matsakaicin mai yanka yakan tara tan biyar zuwa bakwai kafin a tashi.

Zafin da ke kama irin wannan mutum ta gida biyu yake zuwa. Akwai na rana, akwai kuma wanda jikinsa ke haifarwa, domin fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da tsoka ke ƙonawa zafi yake komawa. Shi ya sa masana lafiyar ma'aikata ba sa dogara da ma'aunin zafi na bango kaɗai. Suna amfani da wani awo da ake kira WBGT, wanda sojojin Amurka suka fara aiki da shi a sansanonin horo a shekarun 1950, yana haɗa zafin iska da danshi da motsin iska da ƙunar rana ya ba da lamba ɗaya. Wata mai bincike, Jennifer Crowe, da abokan aikinta sun kai wannan awo gonakin raken Guanacaste a Kosta Rika, maƙwabciyar Nikaragwa ta kudu, suka wallafa sakamakon a 2013. A yawancin ranaku, tun ƙarfe 7:30 na safe an riga an kai iyakar da mai aiki mai nauyi zai iya ci gaba babu hutu. Zuwa 9:15 kuwa an kai matakin da ƙa'ida ta ce a yi aikin minti 15 kawai cikin awa, a huta 45. Masu yanka suna cikin gona har bayan hantsi, wani lokaci har azahar.

Ga kuma tushen matsalar: jinga ake yi. Ana biyan mutum gwargwadon tan ɗin da ya yanka. Duk mintin da ya zauna daga aljihunsa ya fita. Duk tattakin da ya yi zuwa tankin ruwa a bakin gona, daga aljihunsa. Aikin na wata shida ne, kuɗinsa kuma shi zai riƙe gida shekara guda. Mutumin da ke cikin wannan lissafi ya san ruwa na da amfani, ba ya buƙatar a rubuta masa a allo.

Ciwon da ba ya sallama

Zafi yana kayar da ma'aikaci ta hanya mai sauri da kuma ta hanya mai jan ƙafa. Mai saurin an fi saninta: jiri, ciwon kai, tashin zuciya, murɗawar tsoka, sannan idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 mutum ya fara sambatu ko tangaɗi ko ya faɗi. Wanda ya kai nan, sanyaya shi ake fara yi a take, a jiƙa shi sharkaf ko a tsoma shi cikin ruwa mai sanyi, ana yi ana neman mota, domin kowane minti da jiki ya ƙara a wannan zafi ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda ne ke biya.

Ta Chichigalpa mai jan ƙafar ce. A 2002 wani likita, Ramón García-Trabanino, ya wallafa abin da yake gani a asibitin Rosales na San Salvador, babban birnin ƙasar El Salvador: majinyata masu mutuwar ƙoda sun cika ɗaki, yawancinsu maza manoma daga gaɓar teku, kuma ba su da ciwon suga, ba su da hawan jini, abubuwan biyu da suka fi kashe ƙoda a duniya. Binciken da ya biyo baya ya ƙara fito da siffar abin. A Nikaragwa an tarar ciwon ya yi yawa a ƙauyukan rake da ayaba da haƙar ma'adinai na ƙasa mai zafi, amma ya yi ƙaranci a ƙauyen masu noman kofi na kan tudu. A El Salvador an kwatanta masu rake na gaɓar teku da masu rake na tudu mai tsayin wajen mita 500. Amfanin gona ɗaya, aiki iri ɗaya, amma na tudun sun tsira sosai. Babban abin da ya raba su shi ne zafi.

Bayanin da masana da yawa suka fi karkata gare shi ga shi. Idan jiki ya ɗau zafi yakan karkatar da jini zuwa fata don ya huce, da zuwa tsoka don aiki, sai rabon ƙoda ya ragu. Ga ruwan jiki yana tafiya a gumi, lita guda ko fiye a awa. Ga tarkacen tsokar da ta wahala yana shiga jini, ƙoda ce kuma za ta tace shi. Ga sinadarin yurik asid yana taruwa a fitsarin da ya yi kauri. Kowace rana ɗan rauni ne kaɗan, wanda kan iya lafawa idan an kwana. Amma idan an maimaita shi wata shida a shekara, shekara goma a jere, tabo sai ya hau kan tabo. Ƙoda kuma ba ta kuka da wuri. Mutum yana iya rasa fiye da rabin aikinta yana jin kansa garau. Gwajin jini ne ke tona asiri, ta hanyar auna wani sinadari da ake kira kiriyatinin, wanda ke hauhawa idan tacewa ta yi rauni. A Chichigalpa sunan sinadarin ya zama sunan ciwon a bakin jama'a, sai ka ji an ce wane yana da kiriyatinin.

Akwai wani abu da ya ƙara dagula lamarin. Masu yanka da yawa suna fama da zafin fitsari, abin da suke kira chistata, irin wanda a wajenmu nan take za a ce ciwon sanyi ne. Sai a tafi kemis, a karɓo maganin kashe ƙwayoyin cuta da na ciwon jiki. Da aka gwada fitsarin irin waɗannan ma'aikata, galibi babu ƙwayar cuta a ciki. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac kuwa suna ƙara rage jinin da ke zuwa ƙoda, musamman a jikin da ruwa ya yi ƙaranci. Mutum ya sha don ya iya fita aiki gobe, maganin ya taya rana ɓarna.

Shekarun gardama

Matakin farko da masana'antun yankin suka ɗauka shi ne gwada jini kafin ɗaukar aiki. Wanda kiriyatinin ɗinsa ya hau, ba a ɗaukarsa. A takarda wannan kariya ce, don kada mai raunin ƙoda ya ƙara shiga rana. A zahiri, mutumin da ya ba gona ƙuruciyarsa ya wayi gari babu aiki ga ciwo. Waɗansu suka koma ta hannun 'yan kwangila, waɗansu suka ari katin shaidar wani, suka ci gaba da yanka inda babu mai duba su. 'Ya'yansu samari kuma suka maye gurbinsu.

A 2004 Nikaragwa ta yi dokar da ta sa mutuwar ƙoda cikin jerin cututtukan da aiki ke jawowa. A 2006 hukumar IFC, reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni bashi, ta ba kamfanin da ya mallaki San Antonio rancen dala miliyan 55. Wannan rance ne ya buɗe wa tsofaffin ma'aikata ƙofa, domin a 2008 mazauna yankin, ciki har da 'yan ƙungiyar ASOCHIVIDA ta masu ciwon da iyalansu, suka kai ƙara ofishin sauraron koke na hukumar. Aka zauna sulhu, ɓangarorin biyu suka amince Jami'ar Boston ta yi bincike. Sakamakonta ya nuna ƙodar masu aikin fili tana raguwa a tsawon kaka fiye da ta ma'aikatan cikin masana'anta, kuma raguwar ta danganta da irin aikin da mutum yake yi. A 2013 hukumar lafiya ta nahiyar Amurka, PAHO, ta zartar da ƙuduri cewa ciwon babbar matsala ce ta lafiyar jama'a. A Janairun 2014 masu zanga-zanga suka taru a ƙofar masana'antar, 'yan sanda suka buɗe wuta, mutum ɗaya ya mutu.

Duk tsawon wannan lokaci gardamar a kan musabbabi take. Ma'aikata da yawa sun yi imani maganin feshi ne ya gurɓata musu ruwa da jiki. Masana'antun sukari sun daɗe suna musanta cewa aikinsu ne sila. Masana suka rabu, waɗansu na zargin magungunan kashe ciyawa, waɗansu ƙarafa masu guba a ruwa, waɗansu ƙurar tokar rake, waɗansu cututtukan da ɓeraye ke yaɗawa. Har yau ba a rufe wannan babi ba, musamman da yake akwai irin ciwon a Siri Lanka da yankin Uddanam na Indiya, inda zargin ruwan sha ya fi ƙarfi. A ganina an yi asarar shekaru a nan. Ko da a ce guba na da hannu, ƙodar da ke aiki da ƙarancin jini da ruwa ita ce gubar za ta fi yi wa illa. Zafin kuma an riga an auna shi, an san ya wuce ƙa'ida tun da hantsi. Babu dalilin jiran a gama musu kafin a kafa rumfa.

Gwajin farko a El Salvador

Masu wannan ra'ayi sun sami wurin gwadawa a 2015, a masana'antar El Ángel da ke kusa da San Salvador. Wata ƙungiyar kare lafiyar ma'aikata mai suna La Isla, wadda Jason Glaser ya kafa da abokansa a 2008, ta haɗu da masana daga Amurka da Suwidin da ƙasashen yankin. Aka ba kowane mai yanka jakar ruwa ta goyo mai cin lita uku, da bututu a kafaɗa, yana sha ba sai ya ajiye adda ba. Aka kawo manyan kuloli na ƙari. Aka yi rumfunan tamfal marasa nauyi da ake ɗagawa a bi ma'aikata da su. Aka tsara hutun minti 10 zuwa 15 bayan kowace awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Aka kuma canza musu adda zuwa wata mai lanƙwasa, samfurin Ostareliya, wadda ke rage sunkuyo. Shan ruwa ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari, koke-koken jiri da ciwon kai suka ragu, yankan mutum ɗaya kuma ya tashi daga tan 5.1 a yini har ya taɓa 7.3. Gungun ƙarami ne, kuma ba za a iya raba ladan adda da na hutu ba. Amma ya kashe bakin masu cewa hutu zai karya kamfani.

Abin da aka tarar a San Antonio

A 2017 masana'antar San Antonio ta yarda ta shiga wani shiri mai suna Adelante tare da La Isla da Bonsucro, ƙungiyar da ke ba da shaidar ingancin noman rake a duniya. Wannan kansa abin lura ne, domin waɗanda suka shekara goma suna zargin juna ne suka zauna teburi ɗaya.

A kakar 2017 zuwa 2018 masanan ba su canza komai ba, kallo da awo kawai suka yi. Masana'antar tana da tsarinta na ruwa da hutu da inuwa tun kafin zuwansu, tana raba ruwan gishiri da sukari a 'yan ledoji, tana da asibiti da jami'an lafiya. Wanda ya karanta takardun kamfanin zai ce an gama. Jini ya ce ba a gama ba. Cikin masu yankan ƙonannen rake, kashi 27 cikin ɗari sun fito daga kakar da alamar sabon rauni a ƙoda, wato kiriyatinin ɗinsu ya hau da aƙalla 0.3 a ma'aunin asibiti, ko ya ninka sau ɗaya da rabi. Cikin ma'aikatan tallafi, waɗanda ke tsaye a gona ɗaya, ƙarƙashin rana ɗaya, suna shaƙar toka ɗaya, amma ba sa saran rake, kashi 2 ne kacal. Wannan kwatanci shi ne mafi nauyi a duk binciken, domin abin da ya bambanta gungun biyu nauyin aiki ne.

Masanan sun yi wani abu da ake yawan mantawa. Sun bi waɗanda suka bar aiki a tsakiyar kaka har gidajensu suka ɗebi jininsu. Da a ce waɗanda suka kai ƙarshe kawai aka auna, da lissafin ya yi kyau fiye da gaskiya, tun da wanda ciwo ya kayar ba ya nan ranar awo.

Me ya hana tsarin da ke rubuce aiki? Ƙananan abubuwa ne, irin waɗanda ba a gani daga ofis. Rumfa tana inda aka kafa ta da safe, masu yanka kuwa sun yi nisa cikin gona, zuwa da dawowa ya cinye rabin hutun. Ruwa yana nesa. Hutun ya yi kaɗan, kuma yana zuwa bayan jiki ya riga ya ɗau zafi. Sannan ga shugabannin ayari, waɗanda aka ɗora wa kula da hutu alhali abin da ake tambayarsu da yamma shi ne tan nawa aka yanka. Tattaunawar da aka yi da ma'aikatan kamfanin daga baya ta nuna wannan tsaka mai wuya: kowa ya ji ana cewa lafiya ce gaba, kowa kuma ya ga yawan yanka ne ake auna shi da shi.

Gyaran da aka yi daga kakar 2018 zuwa 2019 bai ƙunshi wata sabuwar na'ura ba. An ƙara yawan hutu, an matso da shi farkon yini, an mai da shi wajibi a lokaci ɗaya ga kowa. Rumfuna suka riƙa tafiya da ma'aikata, ruwa da ruwan gishirin suna ƙarƙashinsu. Jami'an lafiya suna zagayawa suna duba fitsari a gona, wanda nasa ya yi kauri a zaunar da shi ya sha. Daga baya aka mai da hutun na kowace awa, yinin masu yankan ƙonannen rake kuma wajen awa shida ne, su tashi da tsakar rana. An kuma kawo bandakin tafi-da-gidanka, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin macen da ta san babu inda za ta kewaya a fili tsakanin maza, da gangan take ƙin shan ruwa.

A kaka ta biyu sabon raunin ƙoda tsakanin masu yankan ƙonannen rake ya ragu da kashi 70 cikin ɗari. Amma tsakanin masu yankan iri, waɗanda ke saran ɗanyen rake don shuka, ba a ga wani sauyi ba. Kamfani ɗaya, kaka ɗaya, umarni ɗaya. Bambancin shi ne a wajen masu iri ba a aiwatar da tsarin yadda ya kamata ba, hankalin kowa ya tafi ga gungun da ya fi shiga haɗari. Wannan rashin nasara ya fi min nasarar amfani, domin shi ya nuna ba sauƙin yanayi na wannan shekara ne ya kawo ragin ba, kuma shi ya nuna umarni daga sama ba ya sanyaya jikin kowa sai an sami mai tsayawa a gona da agogo. A kakannin da suka biyo aka mai da hankali kansu su ma. Ƙungiyar La Isla ta ba da rahoton cewa kwanciya asibiti saboda raunin ƙoda na gaggawa ya ragu ƙwarai a tsawon shirin, yawan yanka ya ƙaru da kimanin kashi 10 zuwa 20 duk da raguwar awannin aiki, kuma kamfanin ya mai da kuɗin da ya kashe har da riba.

Ba a soke jinga ba, har yanzu da tan ake biya. Abin da aka yi shi ne cire hutu daga hannun ma'aikaci. Muddin mutum ne zai zaɓi lokacin da zai zauna, to zama gasa ce da maƙwabcinsa na kunya ta gaba, kuma mai iyali ba zai zauna ba. Da aka ce kowa ya ajiye adda a minti ɗaya, babu wanda ya wuce wani. Da ma'aikata suka ga kuɗin mako bai ragu ba, sai gardama ta mutu. Jikin da ya huce minti goma sha biyar yana sara da ƙarfi a sauran arba'in da biyar fiye da wanda ke jan adda cikin jiri.

Akwai iyakar abin da wannan sakamako zai iya ɗauka. Kwatancin kafin da bayan gyara ne, ba a raba ma'aikata gida biyu ta ƙuri'a ba, kuma da wuya lamiri ya bari a yi hakan. An auna rauni na kaka guda, alhali mutuwar ƙoda abu ne na shekaru. Tsarin bai dawo da ƙodar kowa ba, waɗanda suka riga suka kamu suna nan suna neman wankin ƙoda da fansho. San Antonio kuma babban kamfani ne mai asibiti da masu sayen sukari a ƙetare da ke tambayar yadda aka noma shi, ga shi inji ne ke yanke mafi yawan rakensa yanzu. Mai yanka a gonar ƙaramin manomi, da mai buga bulo a La Paz Centro inda aka sami irin ciwon, ba su da wanda zai busa musu usur. Kosta Rika ta yi dokar kare ma'aikata daga zafi tun 2015, amma doka tana isa ne inda mai dubawa ke isa.

Abin da ya ci Doma

Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2024 cewa ma'aikata biliyan 2.41 ne ke aiki cikin zafin da ya wuce kima, mutum miliyan 26.2 kuma suna rayuwa da ciwon ƙoda mai alaƙa da zafin wurin aiki. Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan kason ma'aikatan da ke cikin zafin.

Abubuwan da suka haɗu a Chichigalpa ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Watanninmu na zafi su ne nasu, Maris zuwa Mayu. Jinga ita ce hanyar biyan mai buga bulo, da mai lodi, da mai haƙar rijiya, da ɗan ƙwadagon noman rani. Ƙwayar ciwon jiki bayan an tashi aiki ta zama kamar cin abincin dare. Ɗan cirani yakan sauka yau ya shiga aiki mai nauyi gobe, alhali jiki na buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki a zafi, kuma a Amurka an lura yawancin masu mutuwa saboda zafi a makonsu na farko suke mutuwa. Idan azumi ya faɗo a bazara kuwa, ruwa ya fita daga lissafin yini, nauyin duka ya koma kan inuwa da hutu da mai da aiki mai nauyi zuwa bayan asuba.

A Gashuwa da sauran ƙasar Bade a jihar Yobe, da kwarin Haɗeja, an daɗe ana kokawa da yawan ciwon ƙoda, kuma zargi ya fi karkata ga ruwan sha da magungunan feshi. Ya kamata a bi wannan zargi har ƙarshe. Sai dai hanyar da ta warware wani ɓangare na gardamar Nikaragwa ba ta da tsada, kuma manyan asibitocinmu suna yin gwajin kiriyatinin. A ɗebi jinin masu aikin fadama a Fabrairu, a sake ɗiba a Yuni, a haɗa da na maƙwabtansu masu shan rijiya ɗaya amma suna zaune a shago ko ofis, a kuma bi waɗanda suka daina fita gona a tsakani har gida.